Ni Na Rubuta, Sale Ya Ƙaryata

Kwanakin baya wasu samari da 'yan mata da suka gama kwalejin horon malamai suka zo gaishe ni, akasarinsu ni na koya musu baƙi da wasali a aji ɗaya. Bayan an dama musu fura, ɗaya daga cikinsu ya ɗauki wani littafina daga kan tabarma, ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Malama, ai wannan a yini guda sai mutum ya gama shi. Layi biyu ne fa a kowane shafi. Hoton kuma yanzu waya ma tana yi." Ban tanka masa ba, domin baƙona ne, kuma furata ce a hannunsa. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna nake rubuta muku wannan, ku da kuke ganin littafin yara wasan yara ne.

Ni malamar firamare ce da ta yi ritaya, a wani ƙauye kusa da Zakirai, inda gonar wani take farawa daga bakin dangar wani. Sana'ar yin littattafan hoto ba ni kaɗai na yi ta ba, ni da ƙanena Sale ne. Ni nake rubutu, shi yake zane, in aka cire ɗaya babu littafi. Duk labaran da muka buga kuwa ɓarnar da muka yi ce muna yara a gidanmu, ba mu ari ta kowa ba, domin tamu ma ta ishe mu har ta yi saura.

Sale a Kano ya koyi zane, wajen wani mai fentin manyan motoci. Ya daɗe yana wanke buroshi da kananzir kafin ubangidansa ya bar shi ya ja layi ɗaya a jikin mota, shi ma a ƙasa-ƙasa inda taɓo zai rufe. Da ya dawo gida sai ya zama mai rubuta allon shago, na aski da na masu shayi da na kemis, da damina kuma ya koma gona kamar kowa. Ni kuma koyona a aji na yi shi. Littattafan da muke da su a lokacin, yaran cikinsu ba sa laifi. Yaro ya tashi da asuba, ya share tsakar gida, ya gaida mahaifinsa, ya tafi makaranta, ya dawo ya sake sharewa. Ɗalibaina suna ta hamma. Wata rana ruwa ya tsare mu a aji, allo ya jiƙe ba ya kama alli, sai na ba su labarin yadda ƙanena ya kwance akuyar Innarmu ta shiga waken maƙwabci. Washegari tun kafin in ajiye jaka suka ce a maimaita musu na akuya.

Aikin akuyar nan shi ne na farko, kuma a kansa muka kusa ɓatawa. Na rubuta shi da bakin yayar, kamar yadda abin ya faru: ƙanen ne ya kwance akuya, ta shiga wake ta yi masa aski tas. Da fari sunayen yanka na ba yaran, Amina da Musa, har sai da na ba wata maƙwabciyata ta karanta wa 'ya'yanta ina zaune. Tana zuwa kan sunan yaron ta yi turus, domin sunan mijinta ne, ta rufe baki da gefen mayafi ta ce, "Sai mai sunan Malam ya kwance akuya." Yaran suka fashe da dariyar da ba ta labarin ba ce. Nan na gane duk sunan yanka da zan sa, ko na mijin wata ne, ko na surukinta, ko na ɗanta na fari. Muka mai da su Jummai da Tanko, kowace mace ta iya faɗa ba kunya.

Na kai wa Sale takardun, na ce ya zana abin da ya gani a rubuce. Ya karanta, ya ɗago ya dube ni.

"Yaya, haka kika tuna abin?"

Na ce ba maganar tunawa ba ce, haka aka yi. Ya ce to. Na san wannan "to" ta Sale tun yana yawo ba wando, amma ran nan ban kula ba.

Da ya kawo hotunan na duba su sama-sama, na ga sun yi kyau, na manna rubutuna a ƙarƙashin kowanne da ƙullin rogo. Lokacin hutun tara na shimfiɗa su a tabarma a gindin darbejiyar makaranta. 'Yan aji huɗu suka karanta da ƙarfi, ƙanana suka kewaye suna leƙe. Can sai wata 'yar mitsitsiyar yarinya ta ɗora yatsa a kan takarda ta ce, "Ga igiyar nan a bayan Jummai." Na sunkuya. Wallahi ga ta nan, bakin igiya ya leƙo daga ƙugun zanen Jummai, shafi bayan shafi, shi kuwa Tanko hannuwansa duka biyu suna riƙe da rake. Manya suka ce an rubuta Tanko ne, rubutu ba ya ƙarya. Ƙanana suka ce su dai ga abin da idonsu ya gani. Aka buga ƙararrawa ba wanda ya motsa. Hedimasta ya zo da bulala zai kora su, ya tsaya ya duba, sai ga shi ya shiga gardamar yana bayan Tanko.

Ana tashi na wuce gidan Sale ko hijabi ban canza ba. Na same shi a zaure yana fere fensir da reza.

"Ka mai da ni maƙaryaciya a gaban ɗalibaina," na ce.

"Ni ban taɓa miki kalma ko ɗaya ba, Yaya. Ke kin faɗi naki, ni na zana nawa."

Na fito ina huci, amma kafin in kai gida na huce, domin na tuna yadda ake karatu a gidajenmu. Littafi ɗaya ne, yara da yawa. Babba ne yake riƙe shi yana karantawa, ƙarami yana maƙale a kafaɗarsa yana kallon hoto. Babba ya bi bayan yaya, ƙarami ya bi bayan ƙane, kuma kowa yana da shaidarsa a shafi ɗaya. Daga ranar muka kafa ƙa'ida. Shi ba ya taɓa rubutuna, ni ba na ganin zanensa sai ya gama. Kuma duk littafin da muka shimfiɗa a gindin darbejiya yara suka yarda da mai laifi ɗaya, ba ya zuwa maɗaba'a.

Layi biyun nan da kuka raina, ku gwada. Dole ɗan aji uku ya karanta su bai yi tuntuɓe ba, kuma uwa ta karanta su da ƙarfi su yi daɗi a baki. Ba a rubuta abin da hoto zai nuna. In na ce Jummai ta sa jan kallabi na ɓata tawada, aikin Sale ne wannan. Ɓarnar kuma ba a sa ta a shafin da ido yake kai, a bayansa take, domin yaro ya juya da hannunsa ya same ta. Littafin gishirin da aka zuba wa Baba a kunu sai da na sake shi har na gaji da kaina, saboda kullum Baba yana kurɓar kunun tun kafin a juya shafi. Kayan aikina ba su da yawa: biro, littafin rubutu irin na 'yan makaranta, almakashi, allura da zare. Da su nake ɗinka littafin gwaji, in yanka layukan in yi ta matsar da su daga shafi zuwa shafi. Shi kuma Sale murfin wata tsohuwar akwati yake ɗorawa a cinya, da farin kwali, da alƙalamin ƙarfe da baƙar tawada, da wani buroshi da ya rage wa gashi har ya koma kamar tsinke. In jikokinsa suka taɓa buroshin nan ranar gidan ba lafiya.

Akwai ɓarnar da ba ta shiga littafi ko da mun yi ta. Babu ashana, babu rijiya, babu maganin ƙwari. Yaro abin da ya gani yake kwaikwayo. Bayan littafin gishiri sai da iyaye mata suka riƙa tare ni a gidan suna da ƙorafin an zuba musu gishiri a kunu, suna faɗa suna dariya. Na gode Allah da gishiri ne.

Ranar da na fara zuwa maɗaba'a ban san komai ba. Wani lungu ne a cikin birni, injuna suna ruri gaba da baya, mai wajen kuma wani dattijo ne da ake kira Malam Iro, farcensa baƙi ƙirin da tawada. Na miƙa masa littafin gwaji da alfaharina na malamar makaranta. Ya ƙirga shafukan da babban yatsa, ya miƙo mini wata faffaɗar takarda ya ce, "Malama, ninke wannan, ki sake ninkewa, ki sa wa kowace fuska lamba, sannan ki buɗe." Na buɗe, sai ga shafin farko zaune kusa da na ƙarshe, wasu kuma kansu a ƙasa. Ya ce, "To kin gani. Takarda huɗu-huɗu take tafiya. Naki ya yi rarar shafi ɗaya, ko ki cire shi ko ki nemo masa 'yan'uwa uku." A wajensa na koyi barin fili a gefe saboda wuƙar yanka, na koyi cewa launi kowanne da zagayensa a inji. Ƙarfinmu bai kai na launi duka ba sai a bango, ciki kuwa baƙi ne da launi ɗaya, wannan littafi ja, wancan kore. Akwai bugun da jan ya goce, kallabin Jummai ya tashi sama da kanta a duk littafin. Na so in yi kuka, yara kuwa suka ce iska ce ta ɗauke shi, suka fi son wannan bugun.

Ba kamfanin da ya tsaya mana. In an cire gyaɗa an sayar, a ware na Malam Iro, sannan a yi maganar sauran buƙatu. Mu ne marubuta, mu ne masu bugawa, mu ne 'yan talla. Sale ya ɗaure kwali a bayan babur ya shiga kasuwar Zakirai, wani makon ya nausa Makoda, in makarantu sun koma ya zaga na wajen Ungogo. Ni kuma nawa cinikin a cikin gidaje yake, wajen biki da suna. Mata ba sa wahalar da ni. Mace za ta zo da tsohon littafi a yage ta ce, "Malama, ba ni wani, sun raba wannan biyu wajen musu." Maza ne masu aiki. Magidanci zai ɗauka ya wuce kai tsaye shafin ƙarshe, ya ce, "Ina inda aka zane su? Yaro ya yi ɓarna a tashi ba bulala, ina darasin?" Sale yakan ce, "Alhaji, bulalar tana gidanka, mu labarin muka kawo." Yawanci sai mutum ya yi murmushi ya tsaya yana ba shi labarin abin da shi da wansa suka taɓa yi wa jakin kawunsu, ya ƙare ya sayi biyu.

Haka muka yi shekaru, har shekarar da ba na son tunawa. Takarda ta yi tsada a shekarar, ruwa kuma ya yi jinkiri, amma ba su ne suka kayar da mu ba. Littafin da ke hannunmu na irin gyaɗa ne. A ɗakin Inna akwai wata rufewa, wato rumbun ƙasa, inda Baba yake zuba gyaɗar shuka ya liƙe bakin da laka har faɗuwar ruwa. Wata shekara aka huda cikinta daidai shigar hannun yaro, aka rataya faifai a kan hujin, muka yi rani guda muna ci. Da ruwa ya sauka Baba ya fasa laka ya tarar da abin da ba zai shuka rabin gona ba. Bai doke mu ba. Ya sa hula ya tafi gidan ƙanensa roƙon iri, shi da bai taɓa roƙon kowa ba, kuma wannan tafiyar tasa ta fi mana bulala ciwo. Ci dai tare muka ci, ba mai musu. Amma wa ya huda? Sale ne, da ƙusa. Shi kuma tun ranar yake cewa ni ce. Rufewar ta daɗe da rushewa, Inna da Baba sun riga mu gidan gaskiya, ba mai raba mu.

Sale ya zana rabin littafin, saura shafin hudawa da abin da ya biyo baya, sai ya faɗi a gona ana maimai. Yara ne suka gan shi kwance tsakanin kunyoyi. A asibiti a Kano aka ce hawan jini ne, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Aka dawo da shi gida hannun da yake zane da shi yana lilo, bakinsa ya karkace, magana ba ta fita sai gurnani.

Likita ya ce in ana motsa jikin, ana sa shi magana, da sauran fata, in kuwa ya kwanta to ya kwanta ke nan. Sale ya kwanta. Ya juya fuska bango. Matarsa Hansai ta kawo masa murfin akwatin nan ko zai yi sha'awa, ya sa ƙafar hagu ya ture shi. Masu dubiya suna shigowa da murya ƙasa-ƙasa, sannu Malam Sale, Allah ya sa kaffara ce, ni ma haka nake yi. Duk abin da ya nuna da ido sai a ce to. Gero ya yi kai, ya nuna, bai ko leƙa zaure ba. Wata rana Hansai ta rako ni bakin ƙofa ta riƙe mini hannu ta ce, "Yaya, mutumin nan fa ya sallama. Ni tsoro nake ji." Ni ma tsoron nake ji.

A gefe guda Malam Iro ya ajiye mana takarda a lokacin da kowa yake nemanta, makarantu kuma sun kusa komawa. Shi ya haɗa ni da wani mai zane a Ungogo, Nura, da kwamfuta yake aiki. Mutumin kirki ne, kuma gwani. Ya zauna da tsofaffin littattafanmu har ya kama hannun Sale, yadda Hansai da kanta ba ta iya rarrabewa ba. Ya zana abin da na rubuta tsaf: ga Tanko tsaye da ƙusa a hannu, ga huji a cikin rufewa daidai cibiyarsa, ga Jummai a gefe ta harɗe hannu a baya. Na shimfiɗa a gindin darbejiya. Babba ya karanta, ƙanana suka duba, suka ce Tanko ne, bai kyauta ba. Suka tashi suka tafi wasan langa.

Na koma na ce wa Nura ya sa abin da zai nuna Jummai ce. Ya mai da ƙusar hannunta. Wannan karon yara suka ce ashe Jummai muguwa ce, ta yi abu ta ɗora wa ƙanenta, wata ma ta ce ba ta ƙara son ta. Nura ya ce, "Malama, ki faɗa mini inda zan ɓoye shaidar, zan ɓoye ta yadda kike so." Ban san inda zan ce masa ya ɓoye ta ba. Ni na san Sale ne ya huda, to ta ina zan samo hujjar da za ta kama ni? Wannan sai wanda ya yi imani har zuciyarsa cewa an zalunce shi.

Na yanke shawarar a buga na farkon haka nan, ko ba komai a fita kunyar Malam Iro. Amma ba mu taɓa kai littafi maɗaba'a Sale bai gani ba, don haka na ɗauka na tafi gidansa da hantsi. Yana kwance yadda na bar shi. Na zauna a bakin gado na ce ga littafi an gama, gobe za a kai. Bai juyo ba. Na fara karantawa da ƙarfi, tunda kuma ya ƙi kallo sai nake faɗa masa abin da ke kowane hoto. Da na zo shafin nan na ce, "Tanko ne ya huda rufewar Inna. Ga ka nan da ƙusarka, ga huji daidai cibiyarka, kowa ya gani. Yara ma sun duba, sun ce kai ne, ba wanda ya yi musu."

Na ga kafaɗarsa ta motsa. Hansai tana bakin ƙofa ta ce, "Haba Yaya, ki dube shi mana. Yanzu lokacin wannan ne?"

Ban san abin da ya shiga kaina ba. Wata irin zuciya ce ta taso mini, rabi haushi rabi tsoro. Na ɗaga murya na ce, "Lokacinsa ne. Shekara da shekaru yana ɓata mini suna a gaban yara, yau Allah ya kawo ranar da gaskiya za ta fito. Haka za a buga shi, haka jikokinsa za su karanta."

Sale ya yunƙura da gwiwar hannun hagu, ya juyo da ƙyar. Rabona da ganin idonsa sosai tun a asibiti. Ya kalli hoton, ya kalle ni, bakinsa yana rawa, miyau yana zuba ta gefe. Ya yi ta kokawa da harshensa, mu kuma muna jira, har abin ya fito, a dagule amma kowa ya ji.

"Ƙarya."

Hansai ta dafe ƙirji. Ni kuwa na ajiye shafin a kan gado, na ɗauko fensir na sa kusa da hannunsa na hagu, na ce, "To gyara. Na ɗaga maka ƙafa zuwa kasuwa mai zuwa." Na fita ban waiwaya ba. Sai da na kai bayan danga inda ba mai ganina na tsuguna na yi kuka mai isata, domin ban sani ba ko taimakonsa na yi ko ƙarasa shi.

Ban koma ba sai da Hansai ta aiko. Na same shi a tsakar gida an jingina shi da bango, murfin akwati a cinya, ƙasa duk takardun da ya ɓata. Hannun hagu bai iya zana mutum ba, ko da'ira ba ta rufuwa. Don haka bai taɓa Tanko ba, bai taɓa Jummai ba, ƙusar ma ya bar ta inda take. Hujin kawai ya shafe da farin fenti, ya sake zana shi can sama kusa da wuyan rufewa, a karkace kamar ƙosan da aka gatsa. Ya tura mini da bayan hannu yana kallona, irin kallon da yake mini tun muna yara in ya san ya kama ni.

Na kai gindin darbejiya. Babba ya karanta cewa Tanko ne, ya nuna ƙusa a hannunsa. Wani ƙaramin yaro ya auna tsawon Tanko da yatsu biyu, ya ɗora a jikin rufewa, ya ce, "Ai hannunsa bai kai ba." Babban ya ce turmi ya taka. Aka ce ina turmin? Wata ta ce Jummai ce ta huda ta ba shi ƙusar ya riƙe mata, shi ya sa ta ɓoye hannu. Yayarta ta ce ta rufe wa mutane baki. Na bar su suna yi, na taka har gidan Sale da ƙafa na faɗa masa. Ya yi dariya da rabin fuska, ya ce, "Ke ce." Na ce kai ne, kuma a ƙasa hujin yake.

Haka aka buga shi, da karkataccen hujinsa. Sale bai sake riƙe fartanya ba, amma ya tashi, ya taka da sanda, ya koma zaure. Ya horar da hannun hagu har muka ƙara fitar da wasu littattafan, layukansa suna rawa, Nura yana sa musu launi. Yara sukan ce akuyoyinsa sun koma kama da karnuka, ya ce su zo su zana nasu. Maganarsa ba ta dawo daidai ba, in yana gaisawa da mutane sai an yi haƙuri, amma in da ni yake musu ba ta sarƙewa.

Bara bayan an gama girbi Allah ya karɓi abinsa. Ina da labari ɗaya da na rubuta bayan rasuwarsa, na ranar da muka saci babbar rigar Baba muka shiga cikinta mu biyu, ta ƙare a cikin taɓo. Nura ya ce zai zana, kuma na san zai yi da kyau, amma har yanzu takardun suna cikin akwati. Ranar da na gama shi na zauna a tsakar gida na karanta da ƙarfi don in ji yadda yake a baki. Na zo inda na ce Tanko ne ya taka gefen rigar, na dakata, na jira. Yanzu duk duniya ni kaɗai na san abin da ya faru ran nan, duk abin da na faɗa ya zauna ke nan. Tun ina yarinya nake son in ci Sale a gardama, ban san haka cin yake da ɗaci ba.